Ƙarar Ruwan Wanki

A shekarata ta biyu a sashen koyon doka ba ni da wani buri da ya wuce in shiga halƙar Alhamis. Ba ƙungiya ba ce da jami'a ta san da zamanta. Ba ta da ofis, ba ta da suna a rubuce, kuma in ka tambayi ɗaya daga cikinsu sai ya ce maka shayi kawai suke haɗuwa su sha. Amma duk wanda ya yi wata uku a sashenmu ya san cewa waɗanda suka gama suka buɗe ofisoshin lauya a cikin gari, daga wannan halƙa suke ɗibar masu koyon aiki. Bayanan darussan da aka tara shekara da shekaru ma a hannunsu suke yawo. Su goma sha huɗu ne, ba sa ƙaruwa. Sai wani ya gama sannan a ɗauki wani.

Ni ɗan Karantina ne, wata unguwa a kudancin Jidda. Kakana da ƙafa ya zo ta Sudan, ya sauke farali ya zauna. Mahaifina a Jidda aka haife shi, ya samu takardar zama ɗan ƙasa tun kafin abin ya yi wuya, ya yi aikin sito a tashar jiragen ruwa har Allah ya yi masa rasuwa. Saboda haka na tashi da takarda a aljihu a unguwar da yawancin mutanenta ba su da ita. Ina ganin mutum ya hango motar 'yan sanda ya canza lungu, amma ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba, don ni ba ta taɓa sa ni canza lungu ba. A jami'a kuwa, in aka tambaye ni unguwarmu sai in ce kudancin gari, in yi sauri in sako wata maganar. Gaggawa dai halina ce tun fil azal. Ummi takan ce ko wata tara ban bari ya cika ba don na ƙosa in ga abin da ake yi a waje.

Wanda ya kai sunana halƙar wani abokina ne da muke zama benci ɗaya, ɗan wani mai sayar da yadi a unguwar Ruwais. A soron gidansu, can saman bene, ake taron. Mutumin kirki ne, irin wanda in ka ce kanka na ciwo kafin ka rufe baki ya tafi neman magani. Shi ya zaunar da ni ya faɗa mini ƙa'idojinsu, guda biyu. Ta farko, sabon shiga ba ya kawo shari'ar littafi. Sai ya kawo rigima ta gaske daga gidansu ko unguwarsu, a yi mata zama kamar a kotu, magatakarda ya rubuta inda abin yake, don an taɓa samun wanda ya ƙirƙiro tasa aka gano shi daga baya. Ta biyu, ƙarar ɗan'uwa ba a barin ta a soro, duk mai hanyar taimakawa ya taimaka ba sai an roƙe shi ba. Ta farkon ce ta tsaya mini a rai. Ta biyun na ɗauka maganar aron littafi ce da rage hanya a mota.

Mako guda na yi ina neman rigima kamar wanda ya yar da allura a yashi. Na bi 'yan uwa kaf a raina, kowa zaune lafiya, abin har ya ba ni haushi. Alhali kuwa rigimar tana ƙofar gidanmu, kullum sai na tsallake ta nake fita.

Maƙwabciyarmu, wadda muke ce wa Khala, ta zo umra daga wajen Damagaram ina ɗan shekara biyu, jirgi ya koma ba ita. Wankau take yi wa ma'aikatan tashar jiragen ruwa. Ta kafa wata 'yar rumfa ta katako da kwano a jikin bangonmu, a nan take wankin, ruwan sabulu ya biyo gindin bangon ya kwanta a bakin ƙofarmu. Bangon Jidda ko ba a taɓa shi ba gishiri na cin sa, balle an jiƙa shi kullum. Namu ya dinga zubar da ɓawo daga ciki, daidai inda Ummi take jingina. Shekara goma sha ɗaya suna wannan faɗan. Da safe Ummi za ta leƙo ta ce, "Yau ma teku kika kawo mana? Sai mu nemi kwalekwale." Khala ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ki ɗage zane ki wuce, Hajiya, ai ba gishiri ba ce ke da za ki narke." Wani lokacin abin ya yi zafi har a kwana biyu ba gaisuwa. Amma ban taɓa ganin an dafa wani abin kirki a gidanmu ba a kai mata ba, kuma rigunana na jami'a ita take gogewa, tana miƙo mini tana cewa, "Karɓi, Lauya, kada alƙali ya raina mu."

Ran Alhamis bayan la'asar na hau soron nan da takarduna a hannu. Iskar teku na kaɗawa, an shimfiɗa darduma, an jera ƙananan kofuna. Shugaban halƙar, wani dogon ɗan aji huɗu mai magana a hankali, yana zaune a kan kujera ɗaya tilo da ke wurin, sauran kowa a ƙasa. Na miƙe na gabatar da ƙarata. Wallahi na yi ƙoƙari, kuma abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne na ji daɗin kaina. Na mayar da Khala "maƙwabciyar da ta yi gini ba izini a kan hanyar jama'a". Na mayar da Ummi "mai gida da cuta ta same ta". Na kawo maganar malamai a kan haƙƙin maƙwabtaka, na kawo dokar gini, na kwatanta musu yadda bangon yake zuba har wani ya girgiza kai. Wanda aka ba aikin kare Khala ya yi iya yinsa, amma bai san ta ba, bai san komai a kanta ba sai abin da na faɗa. Ban faɗa musu ita take goge rigar da ke jikina ba. Ban kuma faɗa musu ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ba. Ba ɓoyewa na yi niyyar yi ba. A unguwarmu ba a faɗin wannan, kowa ya sani ne kawai, kuma a soron nan ma ban ga inda maganar za ta shiga ba.

Shugaba ya yanke hukunci: a cire rumfa, a kawar da ruwa. Sai magatakarda ya ɗaga alƙalaminsa ya ce, "Wurin fa? Wace unguwa?"

Na ce kudancin gari. Ya ce kudancin gari da faɗi. Na ce Karantina. Aka yi ɗan shiru, ba mai tsawo ba, amma na ji shi har cikin kunnena. Don in cike shirun sai na dinga zuba: bayan gidan burodi, lungu na biyu, ƙofarmu shuɗiya, tata kore. Duk hankalina yana kan fuskokinsu, ina duba wa ya yamutsa, wa ya kalli wani. Ba wanda ya yi ko ɗaya. Na sauko daga soron nan ina jin kamar na sauke buhu. Aka ce bayan mako biyu za a faɗa mini ko an ɗauke ni.

Ran Litinin abokina ya tare ni a bakin aji yana murmushi, ya danƙa mini wata 'yar takarda mai lamba da hatimi.

"Mene ne wannan?"

"Kyautarka ce, ya akhi. Na rubuta takardar koke na kai baladiyya, ofishin hukumar gari, jiya. Da sunana na sa, a matsayin wanda ya ga ɓarna a kan hanya, don kada a wahalar da Hajiya da zuwa. Halas, shi ke nan, za su turo mai dubawa. Shekara goma sha ɗaya tana shan wannan ruwa, ga ɗanta yana karatun doka?"

Na yi masa godiya. Wannan ma sai na faɗa: na riƙe hannunsa na yi masa godiya, har na ji wani alfahari, wai yau ga ni da mutanen da ke shiga ofishin hukumar gari saboda ni. Sai da na hau bas ɗin komawa gida, muka wuce kasuwa, na fara hango abin daki-daki yadda aka koya mana. Mai dubawa zai zo. Zai ga rumfa. Zai tambayi mai ita. Abu na farko da zai ce mata, kafin ma maganar katako, shi ne ta kawo iƙamarta. Na sauka tun ba a kai tasharmu ba, na ƙarasa da ƙafa, don zaman ya gagare ni.

Da na shigo lungu tana nan a durƙushe a gaban baho, hannunta cikin kumfa. Ta ce, "Lauya, an dawo? Yau wa aka ɗaure?" Na yi dariyar da ban san daga ina ta fito ba na shige gida.

Washegari ban je aji ba. Tun buɗe ofis ina can da 'yar takardar nan. Wannan taga ta tura ni waccan, waccan ta ce in hau sama, na sama ya ce in jira wanda ya fita. Ba wanda ya wulaƙanta ni, kowa aikinsa yake yi. A ƙarshe wani dattijo ya duba babban littafi ya ce takardar ta samu lamba ta wuce wurin masu dubawa. Na ce yaushe za su je. Ya ce mako ɗaya, ko biyu, gwargwadon abin da ke gabansu. Na ce in ana so a janye fa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce wanda ya kawo shi ne mai janyewa, kuma ba sunana ya gani a kai ba.

Na koma jami'a na nemo abokina. Ko a nan ban iya faɗin gaskiya ba. Na ce masa Ummi ba ta son tashin hankali, gara a janye. Ya yi dariya ya ce duk iyaye mata haka suke, tasa ma in za a bi ta tata ko ɓarawo ba za a kai ƙara ba, in bari kawai ta ga bangonta ya bushe za ta sa mana albarka. Na tsaya ina kallonsa, maganar tana bakina, na haɗiye ta. Ina tsoron ya san irin gidan da na fito, kuma ina tsoron maganar ta kai soro kafin a ɗauke ni. Kwana guda cur na ƙara ɓatawa saboda wannan.

A gida kuwa na zama kamar kazar da ke neman wurin yin ƙwai. In shiga, in fita, in buɗe littafi, in rufe. Duk motar da ta rage gudu a bakin titi sai na leƙa. Ummi ta ce, "Kai wai ƙaiƙayi ne a kujerar nan?" Na ce jarrabawa ce ta matso.

Ran Laraba na ja shi gefe na faɗa masa. Na ce matar nan ba ta da takarda, shekara goma sha tara ke nan, kuma in mai dubawa ya same ta, ba rumfa kaɗai za a ɗauke ba. Murmushin ya bar fuskarsa. Bai zage ni ba, da ma ya yi. Ya ce, "Yalla, mu je," muka shiga motarsa muka koma wurin dattijon nan. Dattijo ya ce janyewa ba wuya, ga takarda ya sa hannu. Amma gini a kan hanyar jama'a ba haƙƙinsa ba ne balle ya yafe, tun da an sanar, sai an je an gani. Muka fito muka zauna a mota, rana na dukan gilashi, bai tayar ba. Can ya ce, "Me ya sa ba ka faɗa a soro ba? Da ka faɗa, wallahi ko alƙalami ba zan ɗauka ba." Na san gaskiya yake faɗi.

Duk da haka sai da na kai Juma'a kafin na buɗe baki a gida. Ina ta gaya wa kaina wata dabara za ta zo. Bayan an sauko daga masallaci na sami Ummi tana tsince shinkafa, na zauna a gabanta na faɗa mata tun daga soro har zuwa dattijo. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ajiye tiren, ta karkaɗe hannunta, ta ɗauki mayafi.

"Taso. Da bakinka za ka faɗa mata."

Khala ba ta hutun Juma'a, don ranar ce ma'aikata suke kawo kaya da yawa. Muka same ta tana matse wani wando. Na tsaya a cikin ruwan da na kai ƙara a kansa na sake maimaita labarin, wannan karon a gajarce, don ba shi da wani ado da zan yi masa. Ta gama matse wandon, ta yarfa shi, ta shanya.

"Kwana nawa ya rage?"

"Ban sani ba, Khala. Wataƙila mako."

"Sun rubuta ƙofata?"

"Sun rubuta."

Na yi sauri na ce zan cire rumfar yau ɗin nan, in share wurin, in ya zo ba zai ga komai ba. Ta ce in cire, ai ya kamata. Amma ƙofa ta riga ta shiga takarda, in bai ga rumfa ba zai ƙwanƙwasa ya tambaya, in bai same ta yau ba wani zai dawo, kuma mai gidan da take haya in ya ji, shi da kansa zai fitar da ita kafin su zo. Ta faɗi wannan duka a natse, kamar wadda ta daɗe da shirya amsar tana jiran ranar. Ni da nake aji biyu a doka, ta fi ni sanin yadda abin yake tafiya.

Sai ta dube ni ta ce, "Ruwan ya dame ka haka, ɗan nan? Ai da ka gaya mini."

Na ce bai dame ni ba. Wannan ita ce gaskiya, kuma ta fi muni.

Ba ta tafi nan take ba, don kayan da ke hannunta na mutane ne. Ta wanke su duka, ta goge, ta aika wa kowa nasa. Ni na ɓalle rumfar a ranar Asabar, katako ɗaya bayan ɗaya, 'yan lungu suna wucewa ba mai tambayata. Ummi ta wuni a ɗakin Khala tana taya ta ɗaure kaya, tana faɗa tun safe: wannan tukunyar ta huje me za ki yi da ita, shekara goma sha tara ba ki da akwati ɗaya na kirki, ki bar wannan bargon in ba ki nawa. Khala tana mayar mata. Wanda bai sani ba zai ce safiya ce irin ta kullum. Ran Lahadi da hantsi wata mota da ta san hanyoyin da ba a tsayarwa ta ɗauke ta zuwa Makka, wurin wasu mutanen garinsu da ke zaune a kan dutse. Da za ta shiga ta ce wa Ummi, "To Hajiya, ga bangonki nan." Ummi ta riƙe ƙofar motar har sai da direba ya yi magana.

Mai dubawa ya zo ran Talata. Saurayi ne mai ladabi. Ya duba bango, ya ƙwanƙwasa ƙofa kore ba a amsa ba, ya rubuta cewa an kawar da ɓarna, ya yi mana sallama.

Ran Alhamis na hau soro. Abokina bai gaya wa kowa ba, kuma bai dube ni ba. Shugaba ya ce tun da aka kafa halƙar ba a taɓa samun ƙarar sabon shiga da ta tashi daga darduma ta je ta yi aiki a ƙasa cikin kwana goma sha biyu ba. Ya ce wannan shi ne amfanin 'yan'uwantaka. Aka tafa. Ya miƙo mini kofin shayi da hannunsa, wanda shi ne alamar an ɗauke ka. Na ji kamar in ajiye in yi magana. Na duba sauran fuskoki goma sha biyu suna mini murna da zuciya ɗaya, na karɓa na sha. Ta wannan halƙa na samu ofishin da na koyi aiki, ta nan na samu duk abin da na samu daga baya, kuma ban taɓa faɗa musu ba.

Saƙon Khala yakan zo jefi-jefi ta bakin masu zuwa umra: tana lafiya, amma ba wanki a can, ruwan ma da jarka ake hawa da shi, gyaɗa take sayarwa a bakin hanya. Ummi ta aika mata da man zafi sau biyu. Bayan aikin hajjin shekarar, wata mata ta zo ta ce an kwashe masu talla a titin da take zama, tana cikinsu, suna wurin da ake tsare mutane kafin a sa su a jirgi. A Damagaram kuwa iyayenta sun rasu tuni, ba ta da ɗa, ba ta da ɗaki.

Da matar ta tafi Ummi ta kira ni. Ba ta taɓa tambayata komai a kan karatuna ba sai ranar. Ta ce, "Kai da kake karanta abin nan, akwai takardar da za a rubuta a bar ta?"

Na san amsar, don mun yi darasin a wannan zangon. Na ce babu.

Ta ce, "Ta korar mutum ce kaɗai ake da ita?"